Daga Dala zuwa Bompai a ƙafa: tambayoyi da amsoshi kan bin sawun masana'antun Kano

Na daɗe ina zagayawa da baƙi da ɗaliban makaranta, wani lokaci har da haifaffun cikin badala, muna bin sawun sana'o'in Kano da ƙafa. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, wasu kafin mu tashi, wasu muna tsaye a bakin ramin rini ko a gaban ƙofar kamfanin da aka garƙame. Na amsa su kamar yadda nake amsawa da baki.

Wane tarihin masana'antu Kano take da shi? Ai an fi sanin ta da kasuwanci.

Gaskiya ne an fi sanin ta da saye da sayarwa, amma sai a tambaya: me take sayarwa? Tun kafin a ga inji a ƙasar nan, Kano tana sarrafa kayan da suka fi ƙarfin buƙatarta, tana aikawa nesa. Ɗauki riga guda. Manomi ya kawo auduga, mata suka gurje ta, suka shiɓe, suka kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa sawaye, maɗinki ya haɗa su, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buge ta har ta riƙa ɗaukar ido, sannan falke ya ɗora wa jaki ko raƙumi. Hannu shida ko bakwai a kan tufa ɗaya, kowa da gwanintarsa, kowa da ladansa. Wannan masana'anta ce cikakkiya, sai dai ba rufi ɗaya ya haɗa ta ba, a warwatse take cikin zauruka da tsakar gidaje da ƙauyukan kewaye.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin garin suna kaiwa Timbuktu, suna kaiwa Gat da Murzuk da Tarabulus. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne mutane suna wannan aiki a cikin iyalinsu, ba a tara su a manyan gidajen aiki irin na Turai ba.

Mai tafiya zai taka zamani uku. Akwai zamanin hannu, a cikin badala. Akwai zamanin dogo da gyaɗa, wanda ya soma daga 1911. Sai zamanin inji, na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Abin da kullum yake tsaya mini a rai shi ne, wanda ya fi tsufa a cikinsu shi ne har yau yake numfashi a idon jama'a, na tsakiya da na ƙarshe kuwa su ne muke bari suna rugujewa ba mai waiwayarsu.

Me ya sa sai da ƙafa? Ba za a iya ɗaukar shatar a-daidaita-sahu ba?

Za a iya, don haɗa wuri da wuri idan an gaji. Amma yawancin abin da aka fito nema yana cikin lungunan da ko babur da ƙyar yake ratsawa. Kuma ba da ido kaɗai ake gane sana'a ba. Amon bugu kake fara ji kafin ka ga rumfar mabuga. Warin jima yana tarar ka tun daga nesa. Ƙarar masaba a kan uwar maƙera ita ke nuna maka kwanar da za ka sha. A cikin abin hawa duk wannan wucewa yake yi. Ga kuma sallama: wanda ya zo da ƙafa ya yi sallama baƙo ne, ana ba shi tabarma. Wanda ya leƙo daga tagar mota ɗan kallo ne.

Daga ina ake farawa?

Daga Dutsen Dala, da sassafe. Dalili biyu ne. Na farko, nan sana'ar garin ta fara. Tama ce ta jawo mutane gindin dutsen, kuma binciken masu tonon tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Labarin kaka da kakanni ma yana danganta farkon zama da Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya. Na biyu, daga kan dutsen kana ganin duk tafiyarka a shimfiɗe kafin ka taka ta: cikin gari a ƙarƙashinka, Fagge da Sabon Gari a gabas, can bayansu Bompai. Idan ka juya za ka ga Goron Dutse da ma'ajin ruwansa, wanda yake tuna mana aikin famfo da lantarki da aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ana jawo ruwa daga kogin Challawa.

Hanyar da nake bi ita ce: Dala, Kurmi, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mata, Kantin Kwari, sannan tashar jirgin ƙasa. Da tsaye-tsaye da hira, daga hantsi zuwa azahar take ci. Bompai kuma a ware mata wata rana.

An ce sunayen unguwanni ma tarihi ne. Kamar yaya?

Sosai kuwa, kuma wannan shi ne darasin da ya fi arha, don ba a biyan ko sisi. Soron Ɗinki ya faɗi aikinsa da bakinsa. Dukawa ta masu aikin fata ce. Kwarin Mabuga ta masu bugu. Duk inda ka ji an ce Karofin wane, kamar Karofin Zage, to ramukan rini ne ko kufansu. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan Arewacin Afirka ne, don su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Sai Agadasawa, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi ta Yarbawa, kowacce tana gaya maka wanda ya zo da inda ya fito. Garin da ya tara baƙi haka, ka san akwai abin da yake ƙerawa da ake zuwa nema.

Ina ba yara shawara su riƙa tambayar dattijon da suka gani a ƙofar gida: “Baba, me ya sa ake ce wa nan haka?” Wani lokaci amsoshi biyu za a samu masu karo da juna a layi ɗaya. A rubuta duka biyun.

Me zan nema a Kasuwar Kurmi?

Kurmi ta kafu ne a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a gefen Jakara. Kada ka tsaya a bakin titi inda kayan waje suka cika rumfuna. Kutsa ciki, wajen masu kayan doki: sirdi, linzami, likkafa, jalala. Nemi masu tandu, da masu kube da jakar fata, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda suka bambanta da maƙeran baƙi masu fartanya da lauje da gatari. Nemi masu tsofaffin riguna, ka ce a nuna maka saƙi da tsamiya da kore, ka juya rigar ta ciki ka ƙirga sawayen da aka haɗa.

Tambaya ɗaya take raba gaskiya da ƙarya a Kurmi: “Malam, wannan aikin nan ne ko na waje?” Yawancin 'yan kasuwar za su gaya maka tsakani da Allah, har ma su yi maka kwatancen gidan mai yin sa.

Marinar Ƙofar Mata fa, da gaske har yanzu ana rini, ko don baƙi ake ajiye ta?

Ana rini, kuma da baba na gaske. Ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Tana dab da ƙofar, kusa da asibitin Murtala. Da ka shiga za ka ga bakunan ramuka jere a ƙasa, wasu an kife su da murfi, wasu a buɗe, da yawa kuma sun bushe sun cika da ƙasa. Waɗanda ke aiki ba su kai waɗanda suka mutu yawa ba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Ramin ya fi tsayin mutum zurfi. Ana zuba ruwa, da baba, da toka, da katsi, a bar haɗin ya yi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi da doguwar muciya har ya nuna, kumfa mai shuɗi ta taso. Marini yana gane ya nuna da ido da hanci, ba da agogo ba. Ka tsaya ka kalli tufa lokacin da aka ɗago ta daga rami. Kore-kore take fitowa, sai iska ta buge ta, a kan idonka ta koma shuɗiya. Shi ya sa ba a jiƙa ta a tafi, sai dai a tsoma a ɗaga, a tsoma a ɗaga. Yawan tsomawa shi ke raba shuɗi mai haske da baƙi wuluk. Idan ruwan ya mutu, a kwashe abin da ya kwanta a gindin rami, a dunƙula, a shanya, a ƙona, shi ne katsin da zai shiga sabon haɗi. Da shi kuma ake yin laso, sumuntin mutanen da, wanda ake shafe cikin ramin da shi don kada ya tsotse ruwa, har da rufin soro. Ba abin da ake zubarwa.

Zanen da kake gani a jikin yadin ba a marina ake yin sa ba. Mata ne a cikin gidaje suke ƙulla shi da zare da allura, wani ya ɗauki kwanaki, kafin a kawo rami. Idan an kwance ƙullin, inda baba bai shiga ba ya fito fari. Rabin gwanintar Ƙofar Mata a hannun waɗanda baƙo ba zai gani ba take, don haka idan an faɗa maka farashi, ka tuna da su kafin ka fara taya.

Kada ka tafi ba ka leƙa wajen mabuga ba. Mutum biyu ko fiye suna zaune gaban gungumen itace, kowa da tabaryarsa gajera mai nauyi, suna saukewa bi da bi kamar masu kiɗa. Wannan shi ne guga kafin dutsen guga, kuma har yau mai shadda mai tsada ya fi yarda da shi.

Wurin jima fa? An ce wari ba ya barin mutum ya tsaya.

Akwai wari, ba zan yi maka ƙarya ba. Minti goma na farko ne masu wuya. Majema tana wajen Ƙofar Wambai, kuma a ganina bai kamata a tsallake ta ba, don fata ita ce ta biyun tufa a arzikin Kano. Ana jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, a kankare, a sa ta a ruwan kashin tantabara ta yi laushi, sannan a jeme ta da bagaruwa. Jan launi daga karan dafi ake samo shi. Fatar jar akuya ta ƙasar Hausa ita ce ta riƙa ƙetare Sahara, ta bi ta tashoshin Arewacin Afirka zuwa Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko, aka yi ta yi wa littattafai bango da ita. Sunan wani ya hau kan aikin wani.

Daga nan ka ratsa kasuwar Ƙofar Wambai ka ga masu ɗinka takalma. Ka sa takalmin da ba ka jin asararsa, ƙasan majema a jiƙe yake.

Ina dalar gyaɗa take? Na sha ganin hotonta.

Babu ko ɗaya yanzu. Abin da ya rage shi ne suna, kamar filin da ake kira Filin Dalar Gyaɗa a wajen Ƙofar Mazugal, da hoton dalar buhuna a bayan takardar naira 200. Amma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya juya fuskar garin daga arewa zuwa kudu.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Dogo ya iso a 1911, aka fara zirga-zirga sosai zuwa Legas a 1912, ko da yake gadar Jebba ba ta kammala ba sai 1916, kafin nan da jirgin fito ake ƙetarar da taragai. Abin da Turawa suka sa rai shi ne auduga, don ciyar da masaƙunsu na Lankasha. Lissafinsu bai fita ba. Masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da ta fi wadda Bature zai iya biya, saboda haka manomi bai ga dalilin kai masa ba. Gyaɗa kuwa ta zo daidai: Turai na neman man gyaɗa don yin man shafa wa burodi da sabulu, tana son jigawar Kano, tana gyara gona, harawarta abincin dabbobi ce, idan kasuwa ta faɗi a ci ta a gida, ga shi kuma haraji ya koma sai da tsabar kuɗi. Sannan akwai fataken goro da suka daɗe suna zuwa Gwanja, suna da jari, suna da yara a kowane ƙauye. Su suka zama tsani tsakanin manomi da kamfani: irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, sai kuma Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji mazaunin Koki, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. A ƙarƙashinsu akwai 'yan baranda da masu awo da 'yan dako bila adadin.

Ita dalar ba ado ba ce. Gyaɗa ce ta fi ƙarfin taragai. Ana sayen ta cikin 'yan watannin kaka, jirgi kuma ba zai iya kwashe ta sai a hankali, don haka aka riƙa jera buhuna ana hawa da su, a lulluɓe da tamfal kafin damina. Ana ƙiyasta dala guda tana cin buhu kusan 15,000, kuma kowane buhu a kan ɗan Adam ya hau. Idan ka tsaya a filin, su ya kamata ka fara tunawa.

Abin da ya kawo ƙarshenta ya haɗu ne: farin farkon shekarun 1970, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, da kuma kamfanonin matse mai na cikin gida da suka riƙa shanye abin da ya rage. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya.

Me ya haɗa Kantin Kwari da wannan tafiya? Ai kasuwa ce kawai.

 Nan ne aka ware wa Kwara, wato 'yan Lebanon da Siriya, a zamanin Turawa, suka gina kantuna a ƙasa, gidajen kwana a baya ko a sama. Daga cikinsu aka sami waɗanda suka fara kafa injinan matse gyaɗa da wasu masana'antu. Titin Beirut yana nan yana shaida. Yau Kwari ita ce babbar kasuwar tufafi a wannan yanki na Afirka, ana zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ka ɗaga bandir ka karanta gefensa, ka ga inda aka saƙa shi. Garin da ya tufatar da Sahara har yanzu shi ke tufatar da ita, amma da saƙar wasu. Ni dai duk lokacin da na fito daga Ƙofar Mata na shiga Kwari, tafiyar da ba ta wuce 'yan mintuna ba, sai jikina ya yi sanyi.

Cunkoso ya yi yawa a nan, ka kauce wa masu kura da masu dako, ka riƙe wayarka da kyau.

A kewayen tashar jirgin ƙasa me ya rage?

Fiye da yadda ake zato, idan an san abin da ake nema. Ka duba faɗin dogon, ƙafa uku da rabi ne, irin na da. Daga nan aka miƙa reshe zuwa Nguru a 1930, shi ma don gyaɗa. A titunan da ke kewaye, wajen titin Legas da titin Neja da titin Banki, nan kamfanonin Turawa suka yi zamani: John Holt, da G.B. Ollivant, da Paterson Zochonis, da CFAO ta Faransawa, da UAC wadda aka kafa a 1929. Ka riƙa ɗaga kai sama da allunan shaguna. Za ka ga dogayen sito masu kaurin bango, da rufin kwano mai tudu, da tagogin shan iska a can sama, da baranda mai faɗi inda ake ajiye sikeli. Wani wuri za ka ga guntun dogo ya nutse cikin kwalta ya nufi ƙofar da aka toshe da bulo, alamar tarago har cikin sito yake shiga.

Waɗannan gine-gine ba wanda yake kiran su kayan tarihi, kuma kowace shekara ana rushe wasu a yi shaguna. Ina ganin kuskure ne. Ba don ƙaunar mulkin mallaka ba, sai don gumin kakanninmu ne ya cika sitocin. Harabar tashar kanta wurin hukuma ce, a nemi izini kafin a shiga ko a ɗaga kyamara.

Bompai fa, akwai abin gani, ko kangaye ne kawai?

Akwai masu aiki har yanzu, kamar kamfanin fulawa na Arewa da ke titin Maimalari, da masu robobi da kayan ciye-ciye. Akwai kuma waɗanda suka koma sito na kayan waje, da waɗanda ciyawa ta cinye. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, ta bunƙasa daga shekarun 1950, kusa da dogo. An matse gyaɗa, an yi alewa da turare da sabulu da kwanon sha, an haɗa keken Raleigh, an saƙa yadi da bargo. Kafin nan, a farkon shekarun 1950, attajiran gari sun haɗa jari sun kafa masaƙar zamani a Gwammaja. Daga baya aka sami masaƙar Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi. Wanda yake cewa Bakano ciniki kawai ya iya, bai san wannan ba.

Kawuna ya yi aiki a wata masaƙa a nan shekara da shekaru. Ina yaro yakan goyo ni a keke mu zo, kuma abin da ban manta ba shi ne lokacin canjin aiki: jiniya ta yi kuka, ƙofa ta buɗe, kekuna su malalo kamar an fasa dam, masu abinci a jere a bakin titi suna zuba shinkafa da wake, auduga ta maƙale a gashin kowa. Ranar da aka sallame su, takarda aka liƙa a ƙofa. Ya rasu da ɗan littafin da yake rubuta lambobin zare a cikin akwatinsa. Idan na kawo mutane wannan titi nakan ce su yi shiru na minti ɗaya su saurara, don shirun da suke ji shi ne abin da aka zo gani.

Titunan Bompai dogaye ne, inuwa kaɗan, tireloli da yawa. A zo da safe, a bi gefen titi, kada a tsallaka katangar kowa. Yawancin masu gadi dattawa ne, wasunsu a cikin kamfanin suka yi ƙuruciyarsu. Ka gaishe su da kyau, “Sannu da aiki, Baba, yaya ƙoƙari?”, za ka ji abin da ba a rubuta a ko'ina ba.

Me ya durƙusar da su?

Ba abu ɗaya ba ne. Wuta ta ƙi tsayawa, kowane kamfani ya koma kan janareta da baƙin mai, kuma injin saƙa ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar aiki. Karya darajar naira daga 1986 ya sa kayan gyara da sinadaran da ake sayowa waje suka ninka tsada, alhali injinan sun tsufa. Noman auduga ya ja baya bayan rushe hukumar da ke kula da iri da saye. Sannan aka buɗe ƙofa ga tufafin waje a ƙarshen shekarun 1990, fasa-ƙwauri ya cika iyakoki, yadin Asiya mai araha ya mamaye kasuwa, wani ma da zanen da aka kwaikwaya daga namu. Ga nisan Kano daga teku, ga dogon da ya kamata ya rage wannan nisa shi ma ya kwanta.

Akwai kuma abin da bai kamata son tarihi ya rufe mana ido a kansa ba. Dagwalon masana'antu ya ɓata ruwan Jakara da na Challawa, musamman na kamfanonin fata, kuma manoman rafi da masunta ne suka sha wahalarsa.

Sharaɗa da Challawa suna cikin tafiyar?

A'a, sun yi nisa kuma ba a tsara su don mai ƙafa ba. A je da mota. Wanda yake da rana ta uku, gara ma ya tafi Kura, kimanin kilomita 30 a kan hanyar Zariya, garin turkuɗi da rawanin ɗan Kura mai ƙyalli da Buzaye suke naɗawa.

Ana biyan kuɗi? Ana barin a ɗauki hoto?

A wuraren da aka saba da baƙi, kamar Ƙofar Mata, akwai shugabannin sana'a da masu zagayawa da mutane. A fara da su, a daidaita kafin a fito da waya. A sauran wurare ba wanda zai yanka maka farashi, amma ka tuna ka tsayar da mutum daga neman abincinsa. Hanya mafi mutunci ita ce ka sayi wani abu, ko ka kawo farin yadinka a rina maka ka dawo ka karɓa. Ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Dattijo “Baba” ne ko “Malam”, mai sarautar sana'a “ranka ya daɗe”. Kada a ɗauki hoton fuskar kowa sai ya yarda, kada a leƙa cikin gida, kada a taka bakin rami. Idan za ka tafi ka ce “Allah ya ba da kasuwa.”

Mata da yara za su iya?

Ƙwarai. Mata ma sun fi mu sa'a, don suna iya shiga cikin gida su ga masu ƙulli da tsofaffin da har yanzu suke kaɗi, inda namiji iyakarsa zaure. Yara a riƙe hannunsu a marina da majema, a kuma rage musu hanya, daga Kurmi zuwa Ƙofar Mata ya ishe su.

Wane lokaci ya fi?

Hunturu, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, ko da yake hazo yakan rage abin da ake hangowa daga kan Dala. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, sai dai a fito bayan asuba a gama kafin ƙarfe 11. Da damina lunguna sukan yi taɓo, rini ma ba ya bushewa da wuri. Ranar Juma'a aiki rabi ne, a azumi kuma masu aikin ƙarfi da wuri suke tashi, sai dai maɗinka da mabuga, su lokacin ne kasuwarsu take ci saboda kayan salla. A ɗauki ruwa, da hula ko lema, da canji ƙanana.

Idan sa'a biyu kawai nake da ita fa?

Fara da Gidan Makama, daura da fadar Sarki, ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aikin maƙeran da ke jikinsu, da hotunan Kano ta da. Daga nan ka taka zuwa Ƙofar Mata, ka tsaya har a ɗago tufa ɗaya daga rami ka ga ta sauya launi, ka leƙa mabuga, sannan ka tsallaka Kwari. Idan da sauran lokaci, ɗauki a-daidaita zuwa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909 har da sashen koyon sana'o'in hannu. Ka tambayi lokacin rufewa tun da safe, don gidajen tarihin ba sa kaiwa magariba.